Motar Marigayi Kumagai

Ranar Litinin, ƙarfe takwas saura kwata na safe, Onodera bakanike ya zuge ƙofar garejin gidan Kumagai ya tarar da wayam. Babu motar, babu bargon da ake lulluɓe ta da shi. Kwaɗon ƙofa kuwa lafiyarsa ƙalau, da makulli aka buɗe shi.

Farar Toyota 2000GT ce, irin wadda duka-duka waɗanda aka ƙera ba su kai ɗari huɗu ba. Kumagai Shigeo ya riƙe ta fiye da shekara arba'in, ya rasu ya bar ta kwana arba'in da huɗu kafin wannan safiya. Ɗansa Takuro, wanda ke aiki a Sendai, ya riga ya sayar da ita ga wani mai tara tsofaffin motoci a Nagoya. Washegari Talata ne babbar mota za ta zo ta ɗauka.

Kafin tsakar rana ƙauyen Tochizawa ya yanke hukunci. Khoa ne, ɗan Vietnam ɗin nan mai shekara talatin da huɗu da ke aiki a injin katako. An taɓa ganinsa yana ɗaukar hoton motar, kuma ranar Lahadi an gan shi a bayan garejin. Mai injin katakon ya ce masa ya zauna a ɗaki sai an gano gaskiya. Takardar izinin zaman Khoa a ƙasar za ta ƙare a ƙarshen wata, ba a sabunta ta sai da hatimin maigidansa, kuma Litinin mai zuwa ce rana ta ƙarshe ta aika takardun. Idan babu hatimi, sai jirgi.

Ruwan sama ya sauko da hantsi ya wanke titi tas. Hatakeyama, ɗan sandan ƙauyen, ya rasa ta inda zai fara, sai ya aika aka kira Shibata Genzo. Genzo shekararsa saba'in da ɗaya, hamsin daga ciki ya yi su yana bin sawun beyar, wato ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, a duwatsun nan. Ni na je ne a matsayin wakilin jarida. Ya dube ni ya miƙo mini tocila.

"Tunda ka zo cin banza, riƙe wannan."

Daɓen ƙasa ne a garejin, kuma danshin ƙanƙarar da ta narke bai gama fita daga cikinsa ba. Genzo ya tsuguna a gefen dama, inda ƙofar direba take, yana duban ƙasa.

"Takalmin roba ne, lamba ashirin da shida," in ji Hatakeyama. "Irin na Khoa."

"Irin naka ma. Irin nawa ma. Ka taɓa ganin shagon ƙungiyar manoma ya kawo wani iri?"

Ya nuna wasu sawu biyu da yatsa. A jere suke, manne da juna, dugadugai wajen da motar take, yatsu suna fuskantar bango.

"Me ka gani a nan, yallaɓai?"

"Mutum ya tsaya."

"Ya tsaya ya ba motar baya?"

"Ƙila yana duba ko wani na kallonsa."

"A jikin bango?"

Genzo ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ce kada a bar kowa ya taka wurin.

A cikin gida, matar marigayin, Fumie, tana zaune gaban teburin da aka ɗora hoton mijinta da akwatin ƙasusuwansa da suka rage bayan ƙona gawa, bisa al'adarsu. Shekararta saba'in da shida. Ta ce tana cire na'urar kunnenta idan za ta kwanta, ba ta ji komai ba. Takuro, wanda ya iso daga Sendai a fusace, shi ya ƙarasa mata sauran amsoshin.

"Gen-san," ya kira Genzo cikin girmamawa, "ka bar Mama ta huta. Makulli a ƙusar bakin ƙofa yake, ƙofar gidan nan kuma ba a taɓa kulle ta ba. Abin da nake faɗa ke nan tun rasuwar Baba. Tsohuwa ita kaɗai a gida irin wannan! Na samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ni, ta ƙi. Na ce to, ta zauna, da sharaɗin ba hawa tsani, ba taɓa sitiyari. Lasinta ma ta mayar wa hukuma tun bara waccan."

Fumie ta ƙara wa Genzo shayi, ba ta ɗago kai ba.

Ranar Talata muka sami Khoa a ɗakinsa, bayan injin katako. Ya riga ya sauko da jakarsa daga saman kabad, amma bai zuba komai a ciki ba. Yana magana a hankali, yana zaɓen kalmomi.

"Hoton na babana ne. Bakanike ne a Nam Dinh. Bai taɓa ganin irinta ba sai a kalanda."

"Ranar Lahadi fa?"

"Kowace Lahadi ina faskara wa Fumie-san itace. Tun Shigeo-san yana kwance nake yi."

"Ka taɓa shiga motar?"

Khoa ya yi ɗan murmushi. "Sau ɗaya ya bar ni na taɓa madubi. Da na ɗauke hannu ya goge wurin."

"Ka iya tuƙi?"

"Babur."

Genzo ya ce ya sa takalmansa ya taka zuwa famfo ya dawo. Ya auna tazarar takunsa da sanda, ya yi alama da farce a jikin sandar.

"Shibata-san," in ji Khoa, "'yata za ta shiga makarantar sakandare bana. Na gaya mata saura shekara biyu in dawo. Idan na koma yanzu, da sunan ɓarawo zan koma."

"Mayar da jakar nan sama," in ji Genzo. "Tana tare hanya."

Takuro yana da nasa bayanin. Ya ce gungun ɓarayi ne masu fitar da motoci ƙasar waje, Khoa ɗan leƙen asirinsu ne kawai. Ya nuna mana sawun manyan tayoyi a gefen gada, inda ciyawa ta kwanta. Rabin yinin Laraba ya tafi a kan wannan. Daga ƙarshe aka gano motar kananzir ce, direbanta a nan yake tsayawa ya ci abincin rana tun shekara shida da suka wuce.

Saura Onodera, wanda ke da makulli na biyu. Ajinsu ɗaya da Genzo tun firamare. Mun same shi a ƙarƙashin wata tarakta, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Fito, ɓarawo," in ji Genzo.

"Wa ke magana? Tsohon da rabonsa da harbin beyar tun ina da gashi?" Ya turo kansa waje yana goge hannu. "In da ni na sace ta, ai da ka gan ni ina dariya. Shekara talatin ina ba ta mai da ruwa, za a kai ta Nagoya a kulle a ɗakin gilashi kamar gawa."

"To ka ga dalili ke nan."

"Dalili kam akwai. Ƙarfin hali ne babu."

"Idan za ka shiga cikinta, ina kake ajiye takalmanka?"

Kowa a Tochizawa ya san dokar Shigeo. Ba a shiga motarsa da takalmi. Limamin haikali ma da ya roƙi a zaga da shi, da safa ya shiga.

"A kan jarida," in ji Onodera. Ya nuna ni da sifana. "Tasu. Amfaninta ke nan. Ba na ajiye takalmi a ƙasa in ɗauko shi da laka in sa a motar mutum."

"Baƙo zai iya tayar da ita?"

"Zai iya, bayan ta mutu masa sau uku. Kulocinta nauyi gare shi, kuma da sanyin safiya sai ka san yadda ake lallashinta. Ni ma wani lokaci tana ba ni kunya."

Daga nan Genzo ya wuce gidan tsohuwa Tome, maƙwabciyar su Kumagai, wadda Hatakeyama bai tambaya ba saboda shekararta casa'in. Tana zaune a baranda tana tsince ganye.

"Na ji ta mana. Gari ya fara haske. Na ce a raina, yau Shigeo ya yi sammako, na gyara kwanciya. Sai da nake dafa shinkafa na tuna ai mutumin ya mutu."

"Goggo, sau nawa ta mutu kafin ta fita?"

"Wa? Motar? Ba ta mutu ba. Tashi ɗaya ta yi, ta ɗan yi gurnaninta kamar kullum, ta fita."

"Gangare ta yi ko hawa?"

"Kai Genzo, kunne ɗaya gare ni, shi ma na aro ne. Ka ci abinci kuwa? Ka rame."

A hanya Genzo ya ce, kamar da kansa yake magana, "Kowa gangare yake nema, saboda can birni yake."

Ranar Alhamis da sassafe muka hau. Hanyar dutse kwalta ce har kilomita uku, daga nan tsakuwa. A inda dogayen itatuwa suka haɗe sama suka tare ruwan, Genzo ya tsaya. Sawun tayoyi siriri guda biyu yana nan a laka. Motar ƙasa-ƙasa ce, amma duk inda tsakiyar hanya ya yi tudu, direban ya ɗora taya ɗaya a kan tudun, ko sau ɗaya cikinta bai goga ƙasa ba.

A gefen hanya kuma akwai sawun mai saukowa a ƙafa. Genzo ya ɗora sandarsa. Tazarar ba ta kai rabin alamar da ya yi wa Khoa ba. Dugadugan suna jan ƙasa, kamar takalmin ya fi ƙafar girma. A kowace kwana sawun yana tsayawa, ya haɗu wuri ɗaya, sannan ya ci gaba.

"Hutawa," in ji Genzo.

Bayan kilomita ɗaya muka isa wata tsohuwar rumfar gawayi da aka daina amfani da ita. An share ƙofarta. A ciki, ƙarƙashin bargo, motar tana nan. Genzo ya ɗaga gefen bargon ya haska. An matso da kujerar direba gaba har ƙarshe. Shimfiɗar ƙafa kuwa babu ko ƙwayar ƙasa. A ƙasa, daidai ƙofar direba, ga sawun nan biyu a jere, dugadugai wajen mota.

Ya mayar da bargon yadda yake.

"Rumfar wa ce?" na tambaya.

"Ka fi ni sanin takardu, ka bincika. Amma kada ka rubuta komai sai Asabar."

"Khoa fa? Kwana biyu ba kaɗan ba ne ga wanda ke zaune a ɗaki."

"Na sani," in ji shi.

Da muka sauko, ya shiga gidan Kumagai shi kaɗai, lokacin Takuro ya tafi ofishin 'yan sanda na gari. Na duba agogo. Minti goma sha biyu ya yi. Da ya fito sai ya ce ruwa zai sake sauka kafin yamma.

Asabar ce cikar kwana arba'in da tara da rasuwar Shigeo. Da hantsi aka kai ƙasusuwan Shigeo makabartar haikali aka rufe, mutane kusan talatin suka dawo gida cin abinci. Onodera yana nan, da Hatakeyama cikin baƙar kwat, da mai injin katako, da tsohuwa Tome. An fara zuba shayi ke nan Genzo ya shigo, Khoa yana bayansa.

Takuro ya miƙe.

"Gen-san, yau ranar Baba ce."

"Shi ya sa. Mutumin nan ya goya babanka a bayansa zuwa motar asibiti. Ku matsa masa."

Aka matsa, fiye da yadda ake buƙata. Khoa ya durƙusa a ƙarshen tabarma.

"An ga motar," in ji Genzo. "Lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu. Yallaɓai, ka tuna sawun nan biyu da suka ba motar baya?"

Hatakeyama ya gyaɗa kai.

"Wanda ya yi su zama ya yi a kujera da baya, ya zare ƙafafunsa, ya sunkuya ya ɗauki takalman. Mutum ya zo satar mota da asuba, zuciyarsa na bugawa, sai ya tsaya cire takalmi don kada ya ɓata wa mamaci shimfiɗa? Wanda ya yi wannan bai ma san ya yi ba. Ƙafafunsa ne suka saba."

Takuro ya juya wajen Onodera. "Kai ke nan."

"Kul, yaro! Ina cire takalmi don motar ubanka tun kana cikin tsumma."

"Onodera a kan jarida yake ajiye nasa," in ji Genzo, "kuma ƙafarsa kamar kwale-kwale take. Wannan ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi. Daga rumfar gawayi zuwa nan ta huta sau goma sha ɗaya."

"Sha biyu," in ji Fumie.

Ta ajiye butar shayi. Ta juya kan gwiwoyinta ta fuskanci mutane.

"Akwai ɗaya a kan kwalta, ba za ka gani ba. Takalman mai gidan ne. Rumfar kuma ta babana ce."

"Mama, ki daina. Ke ba ki iya tuƙa wannan motar ba."

"Shekara goma sha tara ina tuƙa motar madara a kwarin nan, kana kwance a kujerar gefe. Tun da idon babanka ya fara hazo, wa kake tsammani yake kai shi yawon Lahadi? Shi yake fita da ita daga ƙauye don mutane su gani. In mun wuce gada sai mu sauya."

Onodera ya ajiye kofinsa. "Shi ya sa kulocin ya daina cinyewa da wuri," ya ce a hankali.

"To don me?" in ji Takuro.

"Don babanka bai tafi ba tukuna. Kwana arba'in da tara ruhinsa yana gidan nan, kai ma ka sani, limami ya faɗa a gabanka. Ya tsaya yana kallo baƙi su shigo da takalma su ɗaure ta da sarƙa su ja? Na ce su jira kwana biyar."

"Da kin faɗa mini."

"Sau biyu na faɗa a waya. Ka ce direban babbar motar Talata kawai yake da sarari."

Takuro ya zauna. Babu wanda ya taɓa abincinsa.

"Da gobe zan dawo da ita," in ji Fumie. "Na yi zaton zan ce an tsince ta, magana ta mutu."

Ta matsa da gwiwa, ta ratsa tsakanin tirarrukan abinci har gaban Khoa. Ta ajiye tafukanta a tabarma ta sunkuya, goshinta ya taɓa ƙasa.

"Khoa-san. Tun ranar Talata na ji an ce kai ne. Na ce kwana huɗu ne, zai wuce. Zancen hatimi ban san da shi ba sai da Gen-san ya gaya mini shekaranjiya. Ko da na sani ɗin, na roƙe shi ya ƙara mini kwana biyu. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi."

Khoa ya daɗe yana kallon farin gashinta.

"Fumie-san, ki ɗago. Gwiwarki."

Ba ta ɗago ba. Shi ma bai ce mata komai ya wuce ba.

Mai injin katako ya yi gyaran murya, ya ce wa bango, ba wa Khoa ba, a kawo takardun Litinin da safe, ƙarfe takwas, kuma aiki na jira. Hatakeyama ya ce akwai maganar tuƙi babu lasi, amma ba yau ba. Mutanen da suka matsa nesa da Khoa suka shiga duban kofunansu.

"Mama," in ji Takuro, muryarsa ta sauka. "Mun yi magana a kan sitiyari."

"Mun yi." Sai a lokacin ta ɗago. "Tun daren Alhamis na fara haɗa kaya. Ka duba ɗakin baya."

An buga wa Khoa hatimi ranar Litinin. Ranar Laraba Onodera ya sauko da motar daga dutse, babbar mota ta ɗauke ta zuwa Nagoya. Fumie ta koma Sendai ranar tara ga watan Yuni, aka rufe tagogin gidan da katako.

Bayan mako guda na je injin katako kan wani labari daban. Khoa yana hutun rana, zaune a kan gungume. Na tambaye shi ko ya yafe mata.

Ya rufe kwanon abincinsa kafin ya amsa.

"Ita ta san ban yi ba, ta yi shiru. Sauran ba su san komai ba, suka yi magana. Ita ta sa goshi a ƙasa. Su kuma yanzu suna gaishe ni da ƙarfi." Ya duba agogon hannunsa. "Ban gama tunani ba tukuna."

Ya sa safar hannunsa ya koma wajen zarto.